Taliya da Miyar Tumatir: Daga Ina Suka Zo?



Karatunmu na yau a kan abin da ke cikin tukunya ne. Ran nan wata ɗalibata, uwar ɗiya biyar, ta zo aji da wani ɗan gwangwanin tumatir da ta gama aiki da shi. Ta ce: "Malam, tunda yanzu idona ya buɗe, ina so in karanta abin da nike zuba ma miyata." Muka taru muka duba. Rubutun ba Hausa ba ne. A jikin gwangwanin akwai kore da fari da ja, launin tutar ƙasar Italiya ke nan. Sunan ma irin nasu ne.

Ta ce: "To Malam, mi ya haɗa Italiya da tumatir? Ai mu ma muna noma shi a fadama."

Tambaya ce mai kyau. Ga amsarta, daki-daki. Ku bi ni a hankali, don a ƙarshe maganar za ta dawo kan aljihunmu.

Tumatir baƙo ne

Da farko ku sani, tumatir ba ɗan Italiya ba ne, ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Asalinsa nahiyar Amurka. Ya fara fitowa a daji, a yankin duwatsun Amurka ta Kudu, ƴaƴansa ƙanana. Mutanen ƙasar Meksiko suka mai da shi shukar gona. A harshensu suna ce mishi "tomatil". Daga nan sunan ya bi duniya. Shi ya sa wasunmu ke cewa tumatir, wasu su ce tomati. Sunan ma baƙo ne.

A shekarar 1521 Turawan Ispaniya suka ci Meksiko da yaƙi. Jiragensu na ruwa suka riƙa kai irin shuke-shuken can zuwa Turai. Ba tumatir kaɗai ya fito daga wannan nahiya ba. Masara, rogo, gujiya, dankali da barkono duk daga can suke. Dubi gujiya: wa zai ce baƙuwa ce a jihar Maraɗi? Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Amma waɗanga baƙi sun zo sun zauna, har sun zama ƴan gida.

Kafin zuwan tumatir, kakanninmu ba su rasa miya ba. Akwai kuka, akwai kuɓewa, akwai yakuwa da daddawa. Jar miya ce ta zo daga baya.

Italiyawa sun daɗe suna tsoronsa

A shekarar 1544 wani likita ɗan Italiya mai suna Mattioli ya yi bayanin tumatir cikin littafinsa na tsirrai. Daga baya aka sa mishi suna "pomodoro", wato ɗan itacen zinariya. Har yau haka Italiyawa ke kiransa.

Amma ba su karɓe shi nan da nan ba. Dalili kuwa, tumatir dangin gauta ne da taba, kuma dangin zaƙami ne, wanda kuka san yana haukata mutum. Sai mutane da yawa suka ɗauka yana da dafi. Masu kuɗɗi suka shuka shi cikin lambu don ado kawai.

Sai a shekarar 1692 aka buga yadda ake miyar tumatir cikin littafin girki. Mai littafin, Antonio Latini, shugaban masu hidimar abinci ne a gidan wani babban mutum a birnin Napoli. Miyarsa mai sauƙi ce: gasasshen tumatir, albasa, barkono, gishiri, mai da ruwan tsami. Ba a kan taliya ake zuba ta ba, da dafaffen nama ake cin ta.

Ku yi lissafi da kanku. Daga 1544 zuwa 1692 shekara nawa ke nan? Shekara 148.

Ita kuma taliya fa?

Ku faɗi kalmomin ga biyu a bayyane: taliya, Italiya. Kun ji yadda suka yi kama. Taliya ta riga tumatir zama a ƙasar da ɗaruruwan shekaru.

A kudancin Italiya akwai wani babban tsibiri, sunansa Sisiliya. Musulmi sun taɓa mulkinsa. A shekarar 1154 wani malami Musulmi, Al-Idrisi, masanin ƙasashe, ya rubuta labarin wani gari na tsibirin mai suna Tarabiya. Ya ce a can ana yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare, ana loda shi cikin jiragen ruwa ana kai wa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Busasshiyar taliya ke nan. Amfaninta shi ne ba ta lalacewa. Matafiyi zai ɗauke ta wata da watanni, kamar yadda muke ɗaukar kilishi ko ƙuli-ƙuli.

A birnin Napoli taliya ta zama abincin talaka. Ana dafa ta a bakin hanya, ana barbaɗa cuku, mutane na ci da hannu a tsaye. Fara fat, ba miya. Ku tuna da taliyar murji da matanmu ke yi da ɗan inji, su shanya a igiya, yara su saye da mai da yaji. Kusan haka abin yake.

A shekarun 1830 wani mutumin Napoli, Ippolito Cavalcanti, ya buga littafin da ke da taliya da miyar tumatir tare. Wato kusan shekara 300 bayan zuwan tumatir ƙasar. Abincin da duniya ke gani kamar tun fil azal na Italiya ne, bai daɗe haka cikin littattafansu ba.

Kowane gari da miyarsa

Mu nan, miyar Gobirawa da ta Katsinawa ba su rasa ɗan bambanci. Haka Italiya take. Ga kaɗan daga cikin miyoyinsu.

Pomodoro. Ita ce uwar sauran. Tumatir, man zaitun, tafarnuwa ko albasa, gishiri, da wani ganye mai ƙamshi ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu. Shi ke nan.

Marinara. Ta mutanen Napoli ce. Sunan yana nufin ta ƴan jirgin ruwa. Tumatir ne da tafarnuwa da mai da busasshen ganye mai ƙamshi.

Arabiyata. Ta birnin Roma ce. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ta da haɗi da Larabawa. A harshensu kalmar tana nufin "mai fushi", saboda barkonon da ke ciki. Wagga ita ce ta fi kusa da bakinmu.

Amatiriciyana. Daga wani ƙaramin gari na kan tudu take, mai suna Amatrice, garin makiyayan tumaki. Da can makiyayan suna yin ta fara, da nama da cukun tumaki. Da tumatir ya zo sai suka ƙara. Amma ku lura, da naman alade ake yin ta. Duk Musulmin da tafiya ta kai shi can, sai ya tambaya kafin ya ci.

Norma. Ta birnin Kataniya ce, a tsibirin Sisiliya. Ana soya wani babban yalo mai baƙar fata, a haɗa da tumatir, a barbaɗa cuku mai gishiri.

Ragu. Miyar nama ce ta birnin Bolonya. Ana niƙa nama a dafa shi awoyi a kan ƙaramar wuta, tumatir kaɗan ne a ciki. Mutanen garin suna ji da ita ƙwarai. A shekarar 1982 har suka kai bayanin yadda ake yin ta ofishin ƴan kasuwa na birnin, aka rubuta aka ajiye.

Kun lura da wani abu? Yawancin miyoyin ga kayansu ba su wuce biyar ko shida ba. Ba miyar sarakuna ba ce. Miyar manoma ce da makiyaya da ƴan jirgi. Abin da ke kusa da su, shi suka zuba.

Asirin yana wajen ajiya

To, ga inda maganar take. Tumatir ba ya jira. In ya nuna yau, bayan ƴan kwanaki ya ruɓe. A Italiya da zafi yake nuna, cikin watan Yuli da Agusta da Satumba. In sanyi ya shigo babu shi. Yaya aka yi suke cin miyarsa shekara duka?

Dabarar farko rana ce da gishiri. A Sisiliya mata suna dafa tumatir, su tace, su sa gishiri, su shimfiɗa a kan allunan katako a rana. Suna juyawa kwana da kwanaki, har ya yi kauri kamar tunkuza. Sai su dunƙule shi cikin tulu, su rufe samansa da mai. Cokali ɗaya ya isa tukunya. Wasu kuma su tsaga tumatir biyu su shanya. Ashe kauɗar da muke yi, su ma suna yi.

Dabara ta biyu ita ce kwalba da gwangwani. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya gano cewa in aka rufe abinci ruf cikin kwalba aka tafasa, zai daɗe bai lalace ba. Ya buga littafinsa a 1810. A 1856 wani saurayi ɗan Italiya, Francesco Cirio, ya fara wannan sana'a a birnin Torino. Daga baya masana'antun markaɗen tumatir suka yawaita a yankin Parma.

Tsakanin 1880 da 1914 talauci ya kori miliyoyin Italiyawa zuwa Amurka da wasu ƙasashe neman abinci, kamar yadda samarinmu ke tafiya cin rani. Duk inda suka sauka, suka nemi taliyarsu da tumatir ɗinsu. Sai ƴan kasuwa suka riƙa aika musu cikin gwangwani. A 1911 kuma Italiya ta shiga Libiya da yaƙi, ta mulke ta fiye da shekara 30. Waɗanda suka je aiki Libiya cikinku sun ga yadda makaroni da jar miya suka zama abincin kowane gida a can.

Ta haka miyar talakawan Napoli ta zagaye duniya. Ba don tumatir ɗinsu ya fi na kowa ba. Don sun iya ajiye shi ne.

Mi ke cikin gwangwanin?

Mu koma ga gwangwanin ɗalibata. A jikin da yawa daga cikinsu za ku ga lamba 28 da alamar kashi cikin ɗari. Ma'anarta, an dafe ruwan tumatir har abin da ya rage ya yi kauri. Ɗanyen tumatir kusan duk ruwa ne: cikin kilo 100, wajen kilo 94 ruwa ne. Shi ya sa sai an markaɗa wajen kilo 6 kafin a samu kilo 1 na irin wanga mai kauri.

Ƙasashe uku ne ke gaba wajen wannan aiki: Amurka, Sin da Italiya. A shekarar 2023 masana'antun Italiya sun sarrafa fiye da tan miliyan 5 na tumatir. Amma ba duk gwangwani mai sunan Italiya ba ne aka noma tumatir ɗinsa a Italiya. Mai yawa daga cikin wanda ake sayarwa a Afirka ta Yamma, a ƙasar Sin aka noma shi. Ana kawo shi cikin manyan duro, a zuba a ƙananan gwangwanaye ko leda. Wasu kuma ana ƙara musu sitaci ko sukari ko launi.

A nan karatunku zai yi muku rana. Kada ku tsaya ga babban suna da hoto. Ku nemi ƙananan baƙaƙe na baya. Ku duba sunan ƙasa. Ku duba ranar da zai lalace, lambobi ne, kun iya su. In gwangwani ya kumbura ko ya yi tsatsa, kada ku saya ko da araha ne. In kun buɗe ba ku ƙare ba, ku juye sauran cikin kwano mai tsabta, ku rufe samansa da mai, ku yi aiki da shi da wuri.

Mu kuma ina muka tsaya?

Allah ya ba mu fadama. Gulbin Maraɗi ya bi ta Madarunfa da Tibiri da Gidan Rumji. Gulbin Kaba ya bi ta wajen Gazawa. Akwai gonakin ban-ruwa na Jiratawa. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa ma jama'a noman rani, lambuna suka yawaita. Tun daga nan tumatir ya zama abin da kowa ke shukawa in ya samu rijiya.

Amma kun san yadda abin ke faruwa kowace shekara. Kowa ya dasa lokaci ɗaya, bayan damina. Kowa ya tsinka lokaci ɗaya, da sanyi. A watan Janairu da Fabrairu da Maris, kwanduna su cika kasuwa, daga Gazawa zuwa Agiye da Cadawa. Mai saye ya yi ta taya abin da ya ga dama. Manomi ba ya iya komawa gida da kayansa, don gobe sun ruɓe. Dole ya sallama. Wanda ya rage da maraice, awaki su samu.

Bayan wata uku ko huɗu, sai bazara ta yi tsanani, damina ta kawo kai. Ɗanyen tumatir ya yi wuya. Matar manomin nan da ya zubar da kwando ita ce za ta aiki yaro kanti ya sayo na leda. Mun sayar da namu da araha, mun sayi na wasu da tsada.

Bari mu yi lissafi, misali ne kawai. A ce gida yana sayen tumatir na dala 10 kullum. A wata guda dala 300 ke nan. A wata shida, dala 1800, wato jika 9. Kowa ya sa nashi lissafin gwargwadon gidansa. Kuɗɗin nan da za su iya sayen littattafan yara ko magani.

Akwai kuma shekarar masifa. A 2016 wata ƙaramar tsutsa mai cin ganye da ƴaƴan tumatir ta cinye gonaki a jihohin Kano da Kaduna ta Najeriya, tsada ta kai inda ba a taɓa gani ba. A irin wagga shekara, mai kauɗa a ɗaki shi ke barci da daɗi.

Yadda za a yi kauɗa mai kyau

Kauɗa ba sabon abu ba ce a wurinmu. Matsalar ita ce yadda ake yin ta. Da yawa suna shanya ruɓaɓɓen da ya ƙi sayuwa, a ƙasa, cikin rairayi. Sai ta fito baƙa, da ƙasa a ciki, mai saye ya raina ta. Ga yadda za a gyara:

1. A zaɓi nunanne mai tauri, wanda bai fashe ba, ba tsutsa. Ruɓaɓɓe ba ya gyaruwa a rana.

2. In an fesa ma gona magani, a jira kwanakin da malamin gona ya faɗa kafin a tsinka.

3. A wanke tumatir, a wanke hannu da wuƙa.

4. A yanka shi fale-fale, kaurinsu ɗaya, don su bushe tare.

5. A barbaɗa gishiri kaɗan.

6. A shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa ko gadon kara. Kada a sa a ƙasa.

7. A rufe da yadi marar kauri ko tsohon gidan sauro da aka wanke, saboda ƙuda da ƙura.

8. A kwashe da maraice, a mayar da safe, ana juyawa, har ya bushe sarai.

9. A zuba cikin tulu ko kwalba busasshiya mai marfi, a ajiye inda ba laima. A riƙa dubawa. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

Rana kyauta ce. Iskar hunturu busasshiya ce, kuma tana zuwa daidai lokacin da tumatir ya yi yawa. Abin da mutanen Sisiliya ke nema, mu muna da shi fiye da su.

In mata biyar ko goma na unguwa suka haɗa kuɗɗin adashi, za su iya sayen kwanduna lokacin araha, su shanya tare, su raba. Abin da ya fi ƙarfin tukunya a kai kasuwa da damina.

Ku gwada wagga miya

Ga miya irin ta Roma, da kayan gidanmu. A jiƙa kauɗa cikin tafin hannu biyu a ruwan ɗumi har ta yi laushi, a daka ko a markaɗa. A sa man gujiya a tukunya. A yanka albasa ɗaya da tafarnuwa, a soya sama-sama, kada su ƙone. A sa barkono gwargwadon bakin mutanen gida. A zuba tumatir da ruwan da aka jiƙa shi. A rage wuta, a bar ta har mai ya taso. A sa gishiri da ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe.

A dafa taliya daban, cikin ruwa mai yawa da gishiri. Italiyawa ba su barin ta ta yi lugub, suna sauke ta da ɗan ƙarfinta. A tsame, a juye cikin miyar, a gauraya a kan wuta kaɗan. In akwai cuku, a marmasa a kai. In babu taliya, miyar na tafiya da shinkafa ko tuwo.

Ɗalibar tawa da ta ji labarin ga duka, sai ta yi dariya. Ta ce: "Malam, ashe abin da na raina a kan rumfata shi ne wasu suka sa ma riga suka sayar mini." Na ce mata haka ne, uwargida. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Bana in kwanduna suka cika kasuwa, ku tuna da wanga karatu. Allah ya sa albarka cikin abin da muka shuka.

Tambayoyi

1. Daga wace nahiya tumatir ya fito?

2. Don mi Italiyawa suka ji tsoron cin sa da farko?

3. Faɗi abu biyu da za ka duba a jikin gwangwani kafin ka saya.

4. Nawa gidanku ke kashewa a kan tumatir a wata guda? Rubuta lissafin cikin littafinka.

5. A wane wata tumatir ya fi araha a kasuwar garinku? Ku tattauna yadda za ku ajiye shi.